Wayoyin wutar tsohuwar Hiace: yaushe ake faci, yaushe ake sake su gaba ɗaya?

Duk wanda ya saba shiga motar haya tsakanin Maraɗi da Damagaram, ko daga Tawa zuwa Ƙonni, ya san Hiace. Da yawa daga cikin waɗanda ke lodi a tashoshinmu ƙirar da kamfanin Toyota ya yi ne tsakanin 1989 da 2004, har akwai ƴan tsirarun da suka girme su. Sun gama aikinsu a wasu ƙasashe, aka sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome, suka soma sabuwar rayuwa a nan da fasinja 19 da kaya a bisa. An sake musu inji, an sake kujeru, an yi fenti ba sau ɗaya ba. Abin da ba a cika taɓawa ba sai ranar da ya yi gardama shi ne wayoyin wuta, kuma a mota mai shekara 30 su ma shekararsu 30.

Mutane na raina wutar mota saboda ba ta jan mutum. Volt 12 ne kawai, ba kamar volt 220 na kuran ɗin NIGELEC da ke cikin gida ba. To amma batirin da ke iya juya injin gazuwal yana fitar da ɗaruruwan amper a lokaci guda. In waya mai wuta ta goge ta taɓa ƙarfen mota, wannan ƙarfin duka ta cikinta zai bi, cikin ƴan daƙiƙoƙi ta yi ja, robarta ta kama. A Hiace kuwa injin a ƙarƙashin kujerun gaba yake, damin wayoyin kuma ta nan ya bi, kusa da tiyon mai. Bayan direba ga mutane cunkushe, ƙofarsu ɗaya ce, wadda ake ja, wani lokaci ma sai yaron mota ya buɗe ta daga waje. Shi ya sa maganar wayoyi ta wuce maganar fitila ta kama ko ba ta kama ba.

Abin da ke tsufa

Jan ƙarfen da ke cikin waya ba ya saurin lalacewa. Robar da ta lulluɓe shi ce ke tsufa. Zafin inji, ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, suna busar da ita har ta yi tauri ta riƙa tsagewa. Girgizar hanyar burji tana sa damin wayoyi, wanda masu gyara ke kira feso, ya yi ta gogar ƙarfe a inda ya ratsa jikin mota, musamman in ƴar robar da ke kare bakin ramin ta faɗi. Ƙurar hunturu na shiga cikin mahaɗai, damina ta zo ta jiƙa ta, sai tsatsa mai kore-kore ta fito. Ɓeraye ma suna da nasu rabo in mota ta daɗe a ajiye.

Sai dai in ka leƙa ƙarƙashin tablo na yawancin motocin nan, za ka ga ba rana ko ƙura ce ta fi yi musu ɓarna ba, hannun mutane ne. Kowane mai gyara da motar ta ratsa hannunsa ya bar shaidarsa: nan an yanke waya an murɗa ta da wata an naɗe da eskoc, can an jawo sabuwa daga batiri kai tsaye saboda ba a gano inda ta asali ta katse ba, an bar tsohuwar tana lilo da wuta a jikinta.

Fizibil ba shi ne ciwon ba

Mafi munin waɗannan dabaru shi ne abin da ake yi wa fizibil, wanda a Najeriya ake ce wa fis. An yi shi ne da gangan ya zama wuri mafi rauni a layin wuta. In kuran ya wuce abin da wayar za ta iya ɗauka, shi ne zai narke ya yanke wutar kafin wayar ta yi zafi. Wato waya yake karewa, ba rediyo ko fitila ba. Saboda haka ƙonewarsa saƙo ne cewa akwai matsala a wani wuri.

Abin da aka saba gani shi ne, in ya ƙone sau biyu sai a sa wanda ya fi shi girma, in shi ma ya ƙone sai a naɗa zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin taba. Fitila ta kama, direba ya ji daɗi, an kama hanya. Amma gajeriyar hanyar da wutar ta samu tana nan, kuma yanzu ba abin da zai narke sai wayar kanta, a tsakiyar dami, inda za ta narkar da maƙwabtanta. Gobarar mota da yawa ta haka take farawa, ana ta jin ƙaurin roba ana cewa ai birki ne.

Masu ƙafa biyu na roba, waɗanda ke cikin Hiace, launinsu ne ke nuna ƙarfinsu: ja amper 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. A kula, a tsofaffin motocin Jamus masu dogon fizibil na tangaran lissafin daban ne, can fari 8 ne, ja 16, shuɗi 25. Don haka a karanta lambar da ke jiki da wadda ke kan murfin akwatin, kada a tsaya ga launi. Kusa da kan batiri kuma Toyota ta sa babbar kariya wadda ke tsare dukan motar. Ita ma in ta ƙone aka maye ta da waya mai kauri, an cire wa motar katangarta ta ƙarshe ke nan.

Gano inda wuta ke zuba ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Ƙwararru kan cire fizibil ɗin da ke ƙonewa su haɗa ƙwan fitila a gurbinsa. Muddin wayar na taɓa ƙarfe, ƙwan zai haska sosai, kuma shi zai tare ƙarfin wutar, ba abin da zai ƙone. Sai a bi layin ana cire mahaɗai ɗaya bayan ɗaya, ana girgiza damin, har inda ƙwan ya mutu ko ya dushe. Nan ciwon yake. Aikin na cin lokaci, shi ya sa mai gaggawa ba ya son sa.

Kafin a zargi wayoyi, a duba mas

Wutar mota waya ɗaya take bi ta tafi, ta dawo ta jikin ƙarfen motar. Wannan hanyar dawowa ita ce mas. A motocin Toyota wayar mas fara ce mai baƙin layi, a na Jamus ruwan ƙasa. In inda aka ɗaure ta ya yi tsatsa, ko mai fenti ya shafe wurin, sai mota ta shiga abubuwan da ke sa a ce ta yi aljanu: a taka birki fitilar kwana ta kama, a kunna far allurar zafi ta motsa, demarer ya riƙa juyawa da ƙyar alhali batiri sabo ne. Wani lokaci wutar kan rasa hanya ta bi ta igiyar totur har ta yi zafi.

Mai multimetir zai iya raba gardama cikin minti biyar. Batiri mai lafiya, inji a kashe, yana nuna kusan volt 12,6. In inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13,8 da 14,4, alamar altarnater na caji. Sannan a sa tsinke ɗaya a kan batiri na mas, ɗaya a jikin inji, a tayar. In abin da ya nuna ya haura rabin volt, mas ɗin ne ba shi da kyau. Maganinsa a kwance, a goge da takardar yashi har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. Batiri da demarer nawa aka saya a banza saboda ƙusa ɗaya mai tsatsa! Ita kuwa al'adar cire kan batiri inji na aiki, wai don a gwada caji, a bar ta: tana iya kashe altarnater ɗin da ake son gwadawa.

Sai kayan ƙari. Ƙwan far na asali wat 55 ne a ƙaramar wuta, 60 a babba. In ka raba wat da volt za ka samu amper: guda biyu suna jan kusan amper 9 zuwa 10. Direban da ke tafiyar dare ya sa masu wat 100, sai abin ya koma kusan amper 17, a kan wayoyi da makunnin da aka yi don rabin haka. Ga ƙaho mai iska, ga lasifika, ga wurin cajin salula na fasinja, ga fitilun ado. Ba laifi ba ne a ƙara kaya, amma kowane ƙari mai jan wuta yana son layinsa daga batiri, da fizibil nasa dab da batirin, da rele, yadda tsohon makunni zai ba da umarni kawai, nauyin kuma ya bi sabuwar waya mai kaurin 2,5.

Kuma ba kowace waya ce ta mota ba. Wayar gini mai ƙarfe ɗaya sandararre ba ta jure girgiza, tana karyewa a cikin robarta inda ido ba ya gani. Ta mota mai zare-zare ce, mai laushi. Akwai kuma wata mai araha da ta cika kasuwa, sanholo ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. Ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske, tana saurin zafi, tana rububbushewa a bakin mahaɗa. A kankare zaren da wuƙa kafin a biya: in cikinsa fari ne, a mayar wa mai shago abinsa. Araha ba ta ado.

To, faci ko sabo?

A ganina, yawancin motocin da ake cewa wayoyinsu sun mutu ba su kai nan ba. In ɓarnar wuri ɗaya ce, waya ta goge ko mahaɗa ta narke, sauran kuma in ka lanƙwasa su suna da laushi, gyara ya isa. Amma gyara na gaske: a yanke ɓangaren da ya lalace har a kai lafiyayyen jan ƙarfe mai sheƙi, a sa waya mai kauri ɗaya da ta asali, a matse da kos ko a yi dalma, a rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Eskoc kaɗai kwana kaɗan yake yi kusa da inji, ya saki.

Alamun da ke cewa faci ya ƙare su ma a fili suke. In ka lanƙwasa waya robarta ta fashe kamar busasshen ganye, kuma haka take a wurare da yawa. In ka feɗe ta ka tarar da zaren ya yi baƙi ko kore har can ciki. In dami ya taɓa yin zafi wayoyi suka manne da juna, domin abin da ya narke a waje ya narke a ciki. Ko kuwa in faci ya yi yawa har ba mai iya cewa wace waya ce ke zuwa ina. A nan kuɗin da ake kashewa kowane mako wajen mai gyaran wuta, da ranakun da mota ke kwana ba lodi, sun fi kuɗin sakewa.

Hanya biyu ce. Ta farko a samo feso na wata motar da aka farfasa, a wajen masu kayan gwanjo na gida ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Sai dai dole ya dace: na injin isans ba ya hawa na gazuwal, na mota mai sitiyari a dama ba ya hawa mai sitiyari a hagu, shekarar ƙira ma tana da bambanci. Kuma shi ma tsoho ne, a lanƙwasa shi a gani tun a gaban mai sayarwa. Ta biyu a saƙa sabo da hannu. A nan tsufan motar ya zama alheri: injunan gazuwal irin 2L da 3L ba su da kwamfuta, famfon mansu waya ɗaya yake so don ya buɗe ko ya rufe. Abin da ya rage caji ne, da demarer, da bujin ɗumama inji, da fitilu, da allurai, da mashafin gilashi. Mai gyaran da ya san aikinsa zai iya.

Yadda za ka gane shi, ba ya fara da almakashi. Zai cire kan batiri na mas tukuna, ya ɗauki hoton kowace mahaɗa da salula, ya liƙa wa kowane baki suna, ya fitar da tsohon damin ɗungurungum ya shimfiɗa a kan allo ya zama ma'auni. Zai yi layi ɗaya ya gwada kafin ya shiga na gaba. Mai mota kuma ya dage a kan abu biyu: kada a saƙa masa komai da waya launi ɗaya don an samu nadi guda da araha, kuma a zana masa taswirar aikin a takarda ya ajiye a mota. Ranar da ta tsaya masa a Gidan Rumji ko Tasawa, wani ne zai buɗe ta, ba wanda ya saƙa ba.

Tunda an riga an buɗe aiki, yana da kyau a sa makunnin da ke yanke batiri gaba ɗaya, a inda hannun direba ke kaiwa. Dalili shi ne kashe kontak ba ya kashe komai: babbar wayar da ke zuwa demarer da ta altarnater suna da wuta ko da makulli na aljihu. In aka ji ƙaurin roba ko aka ga hayaƙi a kan hanya, a tsaya nan take, a fitar da fasinja tukuna, sannan a yanke batiri. Wanda ba shi da wannan makunni ya ajiye sifana mai lamba 10 kusa, ya kwance kan mas. Kada a ɗaga murfin inji gaba ɗaya, iska ce wutar ke jira. A ɗan buɗe a fesa garin tukunyar kashe gobara, in babu a zuba rairayi, ban da ruwa in mai ya kama. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.