Kura Da Shan Bugu: Halin Da Masu Sayar Da Zinare Suka Shiga A Kamfanin Signet

Duk shekara idan na zo koya wa ɗalibaina yadda magana ke aiki a tsakanin jama'a, nakan fara da labarin wani Baturen Ingila mai suna Gerald Ratner. A watan Afrilun 1991 ne aka gayyaci wannan bawan Allah ya yi jawabi a taron shugabannin kamfanoni a zauren Royal Albert Hall da ke Landan. A lokacin shi ne shugaban kamfanin Ratners, wanda babu kamarsa a Birtaniya wajen sayar da sarƙoƙi da zobba da 'yan kunne. Cikin raha sai ya ce mutane kan tambaye shi yadda aka yi yake sayar da wani saitin kwalba da kofunan gilashi a kan fam 4.95 kacal, shi kuwa amsar da yakan bayar ita ce, ai kayan tarkacen banza ne. Ya ƙara da cewa akwai 'yan kunne a shagunansa da ba su kai kuɗin burodi mai jatan lande ba, kuma da wuya su kai burodin ƙarko. Zaure ya ɗauki dariya. Kashegari jaridu suka yayata, masu saye suka juya baya, darajar kamfanin ta faɗi da kimanin fam miliyan 500.

A nan nakan ce wa ɗalibai baki shi kan yanka wuya, mu wuce. Sai dai daga baya na lura akwai tambayar da nake tsallakewa, wato wuyan wa aka yanka? Gaskiya ne Ratner ya rasa kujerarsa a 1992, amma ya sake kafa wata sana'ar, har ya koma ana biyan sa don ya ba da labarin katoɓarar da ya yi. Waɗanda abin ya faɗa wa su ne ma'aikatan ɗaruruwan shagunan da aka rufe, waɗanda ba su je taron ba, ba su kuma ji daɗin dariyar ba. Kamfanin, wanda dama bashi da karayar tattalin arziki sun riga sun danne shi, ya sauya suna zuwa Signet a 1993. Labarin ma'aikatansa nake son mu duba yau, domin akwai abin lura a ciki ga duk mai cin abinci a ƙarƙashin wani.

Kafin faɗuwarsa, Ratner ya sayi kamfanin Sterling na Amurka a 1987, ya haɗa da shagunan Kay a 1990. Wannan reshe mai hedikwata a garin Akron na Jihar Ohio shi ne ya bunƙasa ya zama ƙashin bayan Signet, wanda ya ƙara da sayen kamfanin Zale a 2014. Duk wanda ya taɓa shiga irin waɗannan shaguna ya san fasalinsu: fitilu na haska lu'ulu'u a cikin gilashi, ga mai sayarwa ta ci ado tana murmushi, akasari kuma mace ce. Abin da mai saye ba ya gani shi ne takardar da ta sa wa hannu ranar da aka ɗauke ta aiki.

Tun daga ƙarshen shekarun 1990, Sterling ya shimfiɗa wa sababbin ma'aikata sharaɗin cewa duk wata ƙara da za su yi game da aiki ba za ta je kotu ba, sai dai gaban mai sasantawa, a asirce. Sunan da aka raɗa wa tsarin da Ingilishi shi ne RESOLVE, ma'anarsa warware matsala. A 2008 wasu mata ma'aikata suka shigar da ƙara ta wannan hanya, suna zargin ana biyan su ƙasa da takwarorinsu maza a kan aiki iri ɗaya, ana kuma tsallake su wajen ƙarin girma. Sun kuma ce an hana su tattauna albashi a tsakaninsu, ta yadda mace kan shafe shekaru ba ta san cewa sabon yaron da take koya wa aiki ya fi ta ɗauka ba. A hankali ƙarar ta haɗa mata kimanin 68,000.

Shekara tara ana wannan tataɓurza a bayan labule. Sai a Fabrairun 2017 jaridar Washington Post ta buga bayanan rantsuwa na tsofaffin ma'aikata kimanin 250, maza da mata, inda da yawansu suka yi zargin cewa wasu manajoji kan nemi mata da lalata a madadin ƙarin girma, musamman a taron manajoji na shekara-shekara. Kamfanin ya musanta cewa haka al'adarsa take. A cikin shekarar ne shugabansa Mark Light ya sauka, bisa dalilin rashin lafiya kamar yadda aka sanar, aka naɗa Virginia Drosos, wadda ta riƙe kamfanin har 2024. Masu hannun jari, waɗanda suka ce an ɓoye musu gaskiyar halin da ake ciki, sun sasanta a kan dala miliyan 240 a 2020. Su kuwa matan sai a 2022 aka daidaita da su a kan dala miliyan 175, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Aka ware miliyan 50 don lauyoyi da kuɗin shari'a. Mai karatu ya raba ragowar miliyan 125 ga mata 68,000, zai ga ba ta kai dala 2,000 kowacce ba, bayan jiran shekara 14. Tsarin da aka kira warware matsala ke nan.

Akwai kuma batun ƙa'idar ciniki da ake ɗora wa ma'aikaci. A Janairun 2019 hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta Amurka da Jihar New York suka ci Sterling tarar dala miliyan 11. Zargin shi ne ana buɗe wa masu saye katin bashi na shago ba da saninsu ba, wani lokaci a ce musu takardar jin ra'ayi ce suke cikewa. Abin da ya fi jan hankalina a bayanin hukumomin shi ne cewa an yanka wa ma'aikata adadin katin da za su buɗe, kuma da shi ake auna ƙwazonsu da ƙarin albashinsu. Wanda ya tsara ƙa'idar yana ofis, wadda za ta dubi idon mai saye ta yi masa rufa-rufa tana shago, idan asiri ya tonu kuma ita ce fuskar da aka sani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Zaizayewar haƙƙoƙi kuwa ba ta zuwa da ganga. A Amurka inshorar lafiyar yawancin ma'aikata a jikin aikinsu take, kuma dokar lafiya ta 2010 ta wajabta wa manyan kamfanoni samar da ita ne ga mai aikin awa 30 zuwa sama a mako. Saboda haka a harkar shaguna rage wa mutum awoyi kaɗan na iya raba shi da likita, alhali a takarda ba a taɓa albashinsa na awa ba. Haka nan kamasho: a ɗaga adadin cinikin da za a kai kafin a samu, kuɗin ya ragu ba tare da an furta kalmar ragi ba. A 2018 Signet ya sanar da shirin rufe shaguna sama da 200, ya kuma sa wa shirin suna Path to Brilliance, wato hanyar haskakawa. A 2020 annobar korona ta sa ya rufe shagunansa na Arewacin Amurka na ɗan lokaci, ya tura akasarin ma'aikatansu hutun dole. Adalci ne a faɗa cewa annobar ta taɓa kowa, kuma a 2021 kamfanin ya yi alkawarin mayar da mafi ƙarancin albashinsa a Amurka dala 15 a awa. A 2022 kuma Amurka ta yi dokar da ta hana tilasta wa ma'aikaci sasancin sirri a kan ƙarar cin zarafi ta hanyar lalata. Amma duk wannan gyara ya biyo bayan tonon silili ne.

A matsayina na mai nazarin harshe, abin da na fi tsoro shi ne wannan dabara ta raɗa wa abu sunan da ya saɓa da shi. Idan aka kira rufe shago haskakawa, aka kira hana zuwa kotu warware matsala, ma'aikaci kan rasa kalmar da zai yi kuka da ita, har ya fara zargin kansa da rashin godiya. Ratner ya faɗi gaskiya cikin izgili, ma'aikata suka biya. Magadansa sun koyi tauna magana, ma'aikatan dai suka sake biya.

Kada mu ɗauka labarin nesa ne. Tun bayan haɗe bankunan ƙasar nan a 2005, lokacin da aka ɗaga jarinsu zuwa Naira biliyan 25 suka ragu daga 89 zuwa 25, muka saba jin yadda ake yanka wa matasa, musamman 'yan mata, adadin kuɗin ajiyar da za su kawo ko su rasa aiki. Tsofaffin ɗalibaina da dama kan zo mini da takardar ɗaukar aiki da wani kamfanin dillancin ma'aikata ya ba su, suna aiki a ofis ɗaya da ma'aikatan dindindin, amma ba su da rabo a alawus da ƙarin girma. Kusan dukkansu sun sa hannu ne ba su karanta ba, saboda zumuɗin samun aiki.

Shawarata ga ƙannenmu ita ce su karanta kowane layi kafin sa hannu, su adana kwafi, su kuma riƙa rubuta ranar da aka sauya musu wani sharaɗi. Su sani cewa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaga matsayinta, don irin wannan aka kafa ta. Matan Sterling ba su samu ko abin da suka samu ba sai da suka zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ga waɗanda Allah Ya ɗora a kan wasu kuma, daga cikin masu karanta wannan shafi, addininmu ya yi umarni a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, kuma sauya wa zalunci suna ba ya sauke nauyinsa ranar hisabi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya sa mu gyara.