Jirgin Duba Gona: Yadda Ake Ƙara Wa Batirinsa Nisan Zango

Jama'a, yau za mu ɗan ajiye maganar taki da iri, mu ɗaga kai sama. Da yawa daga cikinku sun riga sun ga ɗan jirgin nan maras matuƙi, mai farfela huɗu da kyamara a ƙirji, wanda masu ɗaukar hoto ke tayarwa wajen biki. To, ba a gidan biki kaɗai yake da amfani ba. Malaman gona da manyan manoma sukan tashe shi bisa shinkafa ko masara, su ga inda ruwa bai kai ba, da inda shuka ta yi rawaya, da inda tsutsar nan da ta shigo ƙasarmu a 2016 ta soma ɓarna. Abin da mutum zai yini yana zagawa da ƙafa, sai ya gan shi tun rana ba ta yi zafi ba.

Amma yana da aibi guda, watau ba shi da dogon numfashi. Kamfanin DJI na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda ya fi kowa cinikin irin waɗannan jirage, yakan rubuta minti 30 ko fiye a jikin kwali. Wannan awo ne na inda babu iska. Kadan hunturu na busawa, ga kuma wutar da tilas a rage don dawowa gida, abin da zai saura wa aiki bai kai haka ba. Mai eka biyar ba ruwansa. Mai eka ɗari biyu kuwa, ko wanda ke duba gonakin ƙungiya, sai ya ga jirgi ya juyo tun bai kai iyakar gona ba.

Saboda haka waɗansu makanikai a Turai da Amurka da Asiya suka shiga haɗa batir da hannunsu. Abin sha'awa gare su shi ne ba su ɓoye sana'a. In mutum ya gama, sai ya sa zanen, da lissafin, da sunayen kayan duka a intanet, yawanci a wani rumbu da ake kira GitHub, kowa ya kwafa kyauta, ya gyara, ya mayar da gyaran don na baya. Haka aka yi da ArduPilot, watau ƙwaƙwalwar da ke tuƙa jiragen da mutane ke harhaɗawa da kansu. Kamar dai manomi ya sami iri mai kyau ya raba wa maƙwabta, da sharaɗin su ma kada su hana wani.

Wanda bai sani ba sai ya ce, ai abin mai sauƙi ne, a ɗora babban batir mana. A'a. Ku tuna da jakin da za shi tafiya mai nisa ɗauke da harawarsa. In ka ƙara masa dami ɗaya, ya ƙara zango. In ka ƙara masa goma, nauyin harawar ne zai kayar da shi tun bai ci rabinta ba. Jirgi ma haka, har ya fi jaki wahala, don shi ko tsayawa cik a sama aiki ne. Masana sun auna cewa in nauyinsa ya ninka biyu, wutar da zai sha don tsayawa takan ninka kusan uku.

Ga lissafin, akawuna su bi da alƙalami. A ce jirgi kilo ɗaya ne ba batir, kuma da batir mai rabin kilo yana yin minti 20. In aka sa masa mai kilo ɗaya, wuta ta ninka ke nan, amma minti 26 zai yi, ba 40 ba. In aka sa mai kilo biyu, minti 28 da 'yan kai. In aka sa mai kilo uku, sai ya soma komawa baya. Wannan ma a takarda ne, don kafin a kai can injunan sun yi zafi, jirgin kuma ya zama kamar saniya mai ciki, ba ya juyawa. Kamfanin kansa ya nuna haka a jirginsa Mini 3 Pro na 2022. Ƙaramin batirinsa mai lamba 2453 mAh an rubuta masa minti 34, babban mai 3850 mAh an rubuta masa minti 47. An ƙara wuta fiye da rabi, abin da aka samu minti 13.

Ashe dabarar ita ce a sami batirin da ya fi ɗaukar wuta a nauyi iri ɗaya. Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991, kashi biyu ne wajen masu jirage. Akwai na leda, mai faɗi kamar sabulu, ana rubuta LiPo a jikinsa. Shi wannan yana ba da wuta da yawa farat ɗaya, amma cikinsa ƙarami ne. Akwai kuma ƙwayoyi masu gwangwanin ƙarfe, kama da batirin tocila. Mai lamba 18650 kaurinta milimita 18, tsawonta 65, nauyinta ya kusa gram 50. Yayarta 21700 kaurinta milimita 21, tsawonta 70, nauyi wajen gram 70. Ƙwayoyin nan masu kyau sukan fi na leda ɗaukar wuta da kamar sulusi a kilo guda. Har DJI ma ƙwaya biyu na 18650 ya sa a jirginsa Mavic Mini na 2019.

Kowace ƙwaya ƙarfinta bolt 3.6 ne, in ta cika 4.2. In an jera su kai da gindi, yadda ake yi a tocila, ƙarfin turi ne ke ƙaruwa. In an jera su kafaɗa da kafaɗa, ciki ne ke ƙaruwa. Jirgi shi ke faɗin ƙwaya nawa za a jera kai da gindi, ba mai haɗawa ba, kuma wanda ya ƙara ɗaya bisa abin da aka tsara ya ƙone injuna.

Mu ɗauki misali da ƙwayar Molicel P42A, wadda wani kamfanin Taiwan ke yi, mai 4200 mAh. Huɗu kai da gindi bolt 14.4 ke nan. A buga da 4.2, an sami wat 60 na awa guda, nauyi kuwa wajen gram 300 har da waya. Na leda mai wannan nauyi yakan tsaya wajen wat 44. A ce jirgin yana shan wat 150, kuma za a rage kashi ɗaya cikin biyar don kada a tatse batir. Na leda zai ba da minti 14, ƙwayoyin su ba da 19. Minti biyar ba abin rainawa ba ne ga mai zagaya fadama, ga shi kuwa ba a ƙara wa jirgin nauyi ba.

Sai dai a lura da bakin tulu. Wata ƙwayar cikinta babba ne amma bakinta ƙarami. Samsung 50E tana ɗaukar 5000 mAh, ta fi P42A, amma ruwan wutar da za ta iya zubowa bai wuce amfa 10 ba, alhali ita P42A an rubuta mata 45. Jirgin misalinmu yana shan kamar amfa 10 yana tsaye, in kuwa zai hau sama ko ya yi kokawa da iska, sai ya nemi ninki biyu ko uku. Ƙwaya mai ƙaramin baki sai ta yi zafi, ƙarfinta ya faɗi, jirgi ya sauko inda ba a so. Don haka ne tsofaffin ƙwayoyin da ake farkewa daga batirin kwamfutar tafi-da-gidanka ba su da amfani a nan. Su yi fitila, su yi rediyo, amma ban da sama.

'Yan kasuwa, ga taku. Kasuwa cike take da ƙwayar 18650 da aka rubuta wa 6800 ko 9800 mAh. Ƙarya ce. Na manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung da LG wajen 3500 suke tsayawa. Ku ɗora ta a ƙaramin sikeli, in ta kasa gram 40 ku mayar wa mai ita. Kuma ƙwayoyin da za su zauna a batir ɗaya su zama iri ɗaya, sababbi, sayen rana ɗaya. Raggo guda a cikin gayya shi ke fara zama, kuma shi ke kayar da jirgi.

Wajen haɗawa, ba a narka dalma kai tsaye a kan ƙwaya, don zafin ƙarfen yana lalata cikinta. Ana amfani da ɗan injin waldar ɗigo, a liƙa siririn ƙarfen nikel. Shi ma nikel ɗin ana ha'inci a kansa, a shafa shi bisa baƙin ƙarfe. A kankare gutsure a jefa cikin ruwan gishiri, in ya yi tsatsa cikin kwana ɗaya ko biyu na jabu ne. A sa zoben takarda a kan kowace ƙwaya, a rufe ko'ina kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe, sa'an nan a fito da 'yar waya daga kowace gaɓa, don caja mai daidaitawa ta cika su kai ɗaya. Wani abu kuma da sababbi ke kuskurewa: allon tsaro da ake sa wa batirin keke ko na sola yana yanke wuta da ya ga ta yi ƙasa. A ƙasa wannan alheri ne, a sama kuwa faɗuwa ce. Masu jirgi sukan bar shi, su saita ƙwaƙwalwar jirgin ta yi gargaɗi, ta juyo gida tun kowace ƙwaya ba ta sauka ƙasa da bolt 3 ba.

Duk wannan da na faɗa ya fi dacewa da jirgin da aka harhaɗa, mai buɗaɗɗiyar ƙwaƙwalwa. Na kanti kuwa da sauran magana. Batirin DJI yana da ɗan guntun ƙwaƙwalwa a ciki mai gaisawa da jirgin, in jirgin bai ji muryarsa ba ba ya tashi. In aka cire ƙwayoyin, ko suka mutu ƙurmus, sai guntun nan ya kulle kansa. Akwai gwanayen da suka rubuta hanyar buɗe shi suka sa a fili, amma aiki ne na wanda ya ƙware, kuma daga ranar kamfani ya zare hannunsa daga jirgin. Ni a ganina, mai irin wannan jirgi gara ya sayi batir biyu ko uku, ya matsa da ƙafarsa zuwa tsakiyar gona ya tayar daga can.

Sa'an nan wuta. Batirin litiyam in ya kama ba ya jin lallashi, ya kan ci ya sake tashi. Kada a yi caji kusa da rumbu, ko kara, ko ɗakin ciyawa. A ɗora shi bisa siminti, bokitin yashi a kusa, mutum na zaune. Kada a sa shi a caji ya sauko ke nan da zafinsa, kada kuma a bar shi cikin mota a rufe da bazara, don masu yinsa sun ce kada a yi caji in zafi ya wuce digiri 45. In za a ajiye shi bayan kaka, a bar shi rabin ciki, wajen bolt 3.7 kowace ƙwaya. Wanda ya kumbura ko ya lotsa ya gama aiki.

Tun 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta yi shela cewa kada kowa ya tashi irin wannan jirgi sai da izninta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. A nemi takarda tukuna, a sanar da mai gari da 'yan sanda, don a halin da ake ciki abin da ke shawagi a sama yana tayar da hankalin ƙauye. Ranar gwaji kuwa, kada a tura shi nesa. A tsayar da shi sama kaɗan da tsayin mutum, a duba agogo, a saukar bayan minti biyar a taɓa batirin. In hannu ya iya riƙe shi, a ƙara biyar. In an fara fita gona, a tafi ana fuskantar iska, don ita ta turo shi wajen dawowa.