Dawaki Muna Da Su, Masu Koyar Da Nakasassu Hawa Ne Babu

Duk lokacin da na je ganin gida a Daudawa, cikin ƙaramar hukumar Faskari, nakan tarar da wani matashi maƙwabcinmu wanda shan-inna ta shanye wa ƙafafu tun yana goye. Da zarar mai doki ya ratso unguwa, sai ya ja jiki zuwa ƙofar gida, ya bi shi da kallo har ƙura ta lafa. Ran nan ya tambaye ni: "Baba, gurgu yana hawan doki kuwa?"

Amsar ita ce e. Lis Hartel, 'yar ƙasar Denmak, shan-inna ta kama ta a 1944, amma ta ci lambar azurfa a kan doki a gasar Olamfik ta 1952. A 1969 aka kafa ƙungiyoyin koya wa nakasassu hawa a Ingila da Amurka, kuma har yau suna horar da malamai. Hikimar ita ce, takun doki yana motsa ƙugun mahayi kamar yadda tafiyar ƙafa take yi, sai jijiyoyin baya da na ciki su yi ƙarfi, zama ya daidaita. Ba ya tayar da ƙafar da ta shanye, amma yana ƙarfafa jiki da zuciya.

Sai dai, mai karatu, gwanin sukuwa daban, malamin nakasassu daban. Dole malami ya iya zaɓen doki mai sanyin hali, ya tanadi hular kwano, ya sa mutum guda ya riƙe ragama, biyu su tallafi mahayi dama da hagu. Dole kuma ya san wanda likita ya hana hawa, kamar mai raunin ƙashin wuya. In babu wannan ilimi, garin neman gira a rasa ido.

Katsina ƙasar dawaki ce. Hawan Sallah shaida ne, haka wasan folo tun zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo. Don haka nake kira ga masarauta da Ma'aikatar Lafiya su zaɓo 'yan barga daga Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, a haɗa su da likitocin gashi, a horar da su a birnin Katsina, tunda matsalar tsaro ta addabi yankinmu. Matashin nan yana nan ƙofar gida, yana jiran wanda zai ɗora shi bisa sirdi.