Shakazobar Baya: Ƙaramin Ƙarfen Da Ke Riƙe Da Ran Mai Babur

Yawancin masu manyan babura na tafiyar nisa sukan kula da taya da burki da man inji, amma ba safai sukan duba shakazobar baya ba, domin a zatonsu aikinta kurum shi ne rage wa mahayi jijjiga a gargada. Alhali kuwa babban aikinta shi ne danne tayar baya a kan hanya. Tayar da ke tsalle ba ta kama ƙasa, kuma komai kyan burki ba ya amfani a kan tayar da ke sama.

Shakazoba abu biyu ce a haɗe. Akwai sifirin wanda ke ɗauke da nauyin babur da mahayi da kaya. Sa'an nan akwai bututu cike da mai, da fistin mai ƙananan huduji a cikinsa. Idan babur ya faɗa rami, sai man ya riƙa kurɗawa ta hudujin nan a hankali, ya hana sifirin ci gaba da lilo. Da zarar robar da ke tare man ta cinye, ko kuwa zafi da daɗewa sun tsinka shi, to sifirin ya rasa linzami ke nan.

A da, biyu ake sa wa babur, dama da hagu, kamar yadda Honda Gold Wing ya fito a shekarar 1975. A shekarar 1980 kamfanin BMW na Jamus ya fito da R80 G/S mai shakazoba guda ɗaya tak, kuma tun daga wancan zamani tsarin guda ɗaya ya yi ta yaɗuwa. Mai irin wannan babur ya kamata ya fi kowa lura, tun da ba wata ta biyu da za ta rufa masa asiri.

Alamun lalacewa ba su ɓuya. Akan ga danshin mai da ƙura ta manne a jikin bututun. Idan aka danna bayan babur aka saki, sai ya yi ta lilo maimakon ya tashi sau ɗaya ya tsaya. A kwana kuwa, musamman in an ɗauko mutum da kaya, mahayi zai ji bayan yana rawa.

Wajen sauyawa, akan kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai tauri, a cire akwatunan kaya da sirdi, a tokare tayar baya da katako don kada ta faɗo idan an zare ƙusa. Akan fara kwance ƙusar ƙasa, sa'an nan ta sama. Kafin a ɗaura sabuwa, wajibi ne a gwada tsawonta da na tsohuwar daga ido zuwa ido, domin ɗan bambanci kaɗan yakan sauya tsayin babur da yadda yake shan kwana. In babur mai biyu ne, duka biyun ake sauyawa, ɗaya bayan ɗaya. Akan shafa wa ƙusoshin giris, a ɗaure su daidai gwargwadon da littafin kamfani ya faɗa.

Har ila yau akwai gargaɗi. Kada wanda ba makanike ba ya yi karambanin kwance sifirin ko huda bututun, domin sifirin a matse yake, kuma da yawa daga cikin na zamani akwai iskar gas mai ƙarfi a ciki.

Aiki na ƙarshe shi ne daidaita taurin sifirin da nauyin da za a ɗauka. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce, idan mahayi ya zauna da kayansa, bayan babur ya nutse kamar kashi ɗaya cikin uku na iyakar nutsewarsa. Bayan haka sai a ɗan zagaya a hankali, a sake duba ƙusoshin kafin a kama doguwar hanya.

Kuɗin sabuwar shakazoba da nauyi, amma bai kai na kwanciya asibiti ba. Hausawa dai sun ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.