Dabarun Masu Yin Sinima

Jama'a, ba duk abin da kuka gani a sinima ne gaskiya ba. Wasu suna cewa sihiri ne. A'a, dabara ce da aiki. Ga misali.

A shekarar 1900 wani mutumin Amurka mai suna L. Frank Baum ya rubuta wa yara littafi. Labarin wata yarinya ne, Dorothy, wadda guguwa ta ɗauke ta da gidansu ta kai wata ƙasa, Oz. A 1939 aka mai da labarin sinima.

To, guguwar nan ba iska ba ce. Ƙyalle ne aka ɗinka kamar doguwar safa, tsawonsa ƙafa 35. Aka riƙa kaɗa shi, ana busa ƙura.

Akwai doki mai sake launi. Ba doki ɗaya ba ne. An shafa wa dawaki garin kayan zaƙi mai launi, su kuwa suna ta lasa.

Zakin da ke magana mutum ne cikin rigar fatar zaki.

Aikin kuwa da hatsari. Wani ɗan wasa ya shaƙi garin ƙarfen da aka shafa masa a fuska, sai da aka kwantar da shi asibiti. Matar da ta fito a mayya, wuta ta ƙone ta a fuska da hannu.

Ku lura, tushen wannan duka littafi ne. Wanda ya iya karatu ba a ruɗinsa da hoto. Ku dage da zuwa aji.