Miki Toriro, mai barkwancin da gwamnatinsa ta kasa jurewa

A 1947 Japan tana ƙarƙashin sojojin mamaya na Amurka. Abinci sai da katin rabo, wanda katin bai ishe shi ba kuma sai ya nufi kasuwar bayan fage. A wannan shekarar ce gidan rediyon NHK ya fara wani shiri na daren Lahadi mai suna Nichiyo Gorakuban, wanda Miki Toriro ke tsara barkwancinsa. An haife shi a 1914, shari'a ya karanta a jami'a a Tokyo, amma kiɗa ya ɗauke masa hankali.

Salonsa gajerun wasanni ne masu cike da habaici, da waƙa a tsakaninsu. Kafin minista ya gane da shi ake, an wuce zuwa na gaba. Masu sauraro ma suna aiko nasu barkwancin ta wasiƙa. Cikinsu har da wani ɗan makaranta, Ei Rokusuke, wanda daga baya ya rubuta baitocin waƙar da ta zo ta ɗaya a Amurka a 1963 da sunan Sukiyaki.

Abin mamakin shi ne, shirin ya fi sakewa a hannun baƙi. Kowane rubutu sai jami'an Amurka sun tace shi, amma su dai kada a taɓa su. Zolayar 'yan siyasar Japan ba ta dame su sosai ba. Mamaya ta ƙare a Afrilun 1952, bayan 'yan makonni aka sauya wa shirin suna, aka rage masa kaifi. Toriro bai daddara ba. Da badaƙalar cin hanci ta kamfanonin ƙera jiragen ruwa ta dabaibaye gwamnatin Yoshida Shigeru a 1954, ya mai da ita abin dariya, sai shirin ya zo ƙarshe. A ganina, abin da ya faru bayan tafiyar Amurkawa ya fi zama abin kunya, domin 'yan gida ne suka yi shi.

Kasuwa ce ta karɓe shi. Tun 1951 ya yi wa kamfanin kayan ɗaukar hoto na Konishiroku waƙar talla, wadda ake ɗauka ita ce ta farko a rediyon ƙasar. Da talabijin ya kankama ya ci gaba da waƙoƙin talla, shi ne kuma ya yi waƙar buɗe shirin yara na Tetsujin 28 a 1963. Ya rasu a 1994.