Mahaɗar Neja da Binuwai: Yadda kogi ke sauya salon shaƙatawa a Lokoja daga kaka zuwa damina

Lokoja, babban birnin Jihar Kogi, yana zaune ne a daidai inda Kogin Neja mai tsawon kusan kilomita 4,180 ya haɗu da Kogin Binuwai, wanda ya taso daga ƙasar Kamaru. Yanayin garin ya ba mazauna da baƙi damar shaƙatawa a bakin ruwa duk tsawon shekara, sai dai abin da kogin ya yarda a yi a cikinsa yana sauyawa daga wata zuwa wata.

Daga Nuwamba, bayan ruwan damina ya fara janyewa, kogin yakan lafa. A wannan lokaci ne masu kwale-kwale ke kai baƙi tsakiyar mahaɗar, inda ake ganin ruwa biyu masu launi daban suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraye. Wanda bai son shiga jirgi yana iya hawa Dutsen Patti, inda tsohon masaukin Gwamna Lugga yake, ya hango kogunan biyu daga sama. Hazon hunturu yakan rage nisan gani, don haka matuƙa sukan jira rana ta ɗaga kafin su tashi.

Neja ba ya ƙafewa da rani. Ruwan saman da ya sauka a tsaunukan Gini yakan daɗe yana ratsa fadamun ƙasar Mali, bai iso Najeriya ba sai wajen Disamba zuwa Fabrairu, bayan ya zubar da lakarsa a hanya. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, da ta Jebba suna tara ruwan, suna kuma sakinsa a hankali wajen samar da lantarki.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ruwa yakan kai ƙarshen raguwarsa, tsibiran yashi su bayyana. Matasa kan buga ƙwallo a kan yashin, iyalai su fita shan iska da yamma, masu fatsa kuma su nemi tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa. Zafi yakan ja yara zuwa iyo, kuma a nan haɗari biyu suke. Bakin yashi yakan zurma zuwa zurfi ba zato, sannan kududdufan da kogi ya bari suna ɗauke da dodon koɗi mai yaɗa tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini.

Damina kuwa lokacin taka-tsantsan ce. Ruwan kogunan biyu yakan kai ƙololuwa a Satumba da Oktoba, musamman idan an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru. A 2012 da 2022 ambaliya ta mamaye sassan Lokoja, ta kuma datse hanyar Abuja. Igiyar ruwa tana ƙarfi, tana ɗauko gungume da kainuwa, yashin da aka sani jiya ya koma ƙarƙashin ruwa. Shaƙatawar da ta dace a watannin nan ita ce kallon kogi daga tudu.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedikwatarta take a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta hana lodin da ya wuce kima, ta kuma wajabta sanya rigar kariya ga duk wanda ya shiga jirgi. Dalilin waɗannan dokoki a bayyane yake. A Yunin 2023 mutane fiye da 100 suka rasu a Kogin Neja a yankin Patigi na Jihar Kwara, lokacin da jirgin da ya ɗauko masu dawowa daga biki ya kife da dare.

Kogin hanyar abinci ce ga Nufawa da Kakanda da Bassa-Nge da Hausawan da ke su da fito a bakinsa. Duk baƙon da ya hau kwale-kwale ko ya sayi kifi a gaɓa, kuɗinsa yana shiga aljihun waɗannan iyalai. Haɗari guda kuwa yana iya korar baƙi na tsawon lokaci.

Mai niyyar ziyara zai fi samun natsuwa tsakanin Nuwamba da Afrilu. Ya nemi matuƙin da ya san hanyar ruwan, ya karɓi rigar kariya tun kafin jirgi ya tashi, ya riƙe yara kusa da shi, ya kuma dawo gaɓa kafin magariba. Idan damina ta kama, ya saurari gargaɗin Hukumar NIHSA kan hawan ruwa kafin ya nufi bakin kogi.